BAƘIN KAKA A BAKIN FADAMA: DARASI A KAN DUBAN TSUNTSAYE

Ranar da aka wayi gari babu shamuwa ko ɗaya a kan tsamiyar bakin kasuwa, wa ya lura a ƙauyenku? Zuwanta kowa yana gani, domin da ita ake sa ran ruwan shuka. Tafiyarta kuwa shiru take yi, wajen ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, lokacin da hankalin kowa yana wurin gero. A cikin waɗannan makonni ne kuma waɗansu tsuntsaye suke sauka a fadamunmu daga ƙasashe masu nisa ƙwarai. Wata tana fita, wasu suna shiga. Wannan darasi a kan yadda za mu dube su ne, mu kuma rubuta abin da muka gani. Za a iya karanta shi a taron matasa, ko na zumuntar mata, ko bayan sujada a gindin itace. Zai fi kyau idan akwai tsoho ko masunci a wurin, domin za su gyara mana sunaye.

Wani zai ce, ga aikin gona ya sha kanmu, ina ruwanmu da kallon tsuntsu? Amsar ita ce tsuntsun ruwa ma'auni ne na ruwa. Inda ruwa yake zuwa a kan lokacinsa ya kuma janye a kan lokacinsa, nan kifi yake haihuwa, nan shinkafa take yi, nan burugu yake tsirowa don shanu, nan kuma tsuntsaye suke taruwa. Idan tsarin ruwan ya lalace, tsuntsaye ba sa jiran taron dattawa. Tashi suke yi. Ƙauyen da yake riƙe da lissafinsu yana da shaida a hannu tun kafin asara ta kai rumbu.

Fadamar Hadeja da Nguru

Bari mu ɗauki misali daga wuri guda, wato babbar fadamar da take tsakanin Hadeja a Jihar Jigawa da Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe. Koguna biyu ne suke shayar da ita. Kogin Hadeja yana samun ruwansa daga kogunan Kano da Challawa. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Filato yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi. 'Yan'uwa na Filato, ku lura: ruwan saman da ya zuba a kan duwatsunku a watan Agusta, wani sashensa can yake zuwa ya kwanta. A fadamar ƙasa shimfiɗe take, ga tsofaffin tuddan rairayi, saboda haka ruwan yakan rarrabu ya bazu, kafin ragowarsa ta haɗu ta zama Kogin Yobe mai nufar Tafkin Chadi.

An rubuta ire-iren tsuntsaye fiye da 370 a wannan yanki. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigin ruwan Marma a cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin. A 2008 aka ƙara da Tafkin Dagona kusa da Gashuwa da fadamar Baturiya a Jigawa. Tun a 1989 ma Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona don ganin tsuntsaye.

Wanda ya je can a farkon kaka yana neman dubban agwagi a wuri ɗaya zai ɗan ji kunya. Wannan taron sai Disamba zuwa Fabrairu, bayan ruwa ya janye ya bar tafkuna kaɗan, kowa ya matsu a cikinsu. A Satumba ruwa yana ko'ina, ciyawa ta yi tsawo, tsuntsayen sun warwatsu. Amma ni a ganina lokacin ya fi daɗin koyo, domin kowane mako akwai sabuwar fuska, kuma mai koyo yana samun sarari ya san su ɗaya bayan ɗaya.

'Yan gida da baƙi

Ku fara da 'yan gida, waɗanda kuka riga kuka sani. Balbela tana bin shanu tana kama fara da ƙwarin da ƙafafunsu suke tayarwa. Zalɓe yana tsaye a ruwa kamar an dasa shi, yana jiran kifi ko kwaɗo. Kirinjijiya agwagwa ce mai farar fuska da dogon wuya, kuma sau da yawa kunne ne yake fara sanin zuwanta, domin tana fito siriri sau uku a jere idan tana tashi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wannan gaskiya ce da mai duban tsuntsu yake amfani da ita kullum. Dinya ita ce babbarsu, baƙa da fari, tana da ƙaya a gwiwar fiffike. Jinjimi fari ne mai baƙin kai da lanƙwasasshen baki, yana tonon laka. Akwai kuma wata mai ruwan ƙasa, mai dogayen yatsu ƙwarai, wadda take tafiya a kan ganyen bado ba ta nutsewa. A wajensu namiji ne yake kwanci a kan ƙwai ya kuma yi renon 'ya'ya. A duk taron da na faɗi wannan, mata sukan yi dariya su dubi mazansu.

Shamuwa rabi 'yar gida ce rabi baƙuwa. Tana zuwa da ruwan farko, ta yi sheƙa a itatuwan gari, ta ci fara da tsutsa, ta yaye 'ya'yanta, sa'an nan ta bi damina zuwa gabashi da kudancin Afirka. Ba ta barin nahiyarmu.

Baƙin kaka kuwa daga hayin Sahara suke. Dalilin zuwansu abinci ne. A ƙasashen Turai da Rasha sanyi yana shigowa daga Oktoba, ƙwari su mutu, a wasu wurare tafkuna su daskare su zama ƙanƙara. Tsuntsun da yake cin ƙwari ko yake kiwo a ruwa dole ya tashi. Yana ƙetare teku, ya ƙetare hamada mai faɗin fiye da kilomita 1,500, kuma ruwa na farko mai yalwa da zai tarar shi ne na fadamun Sahel: Kogin Sanagal, fadamar Kogin Neja a Mali, Hadeja da Nguru, da Tafkin Chadi. Daminarmu tana ƙarewa daidai lokacin da suke bukatar masauki.

Cikin na farkon isowa akwai wata ƙaramar agwagwa da masu binciken tsuntsaye suke kira gargani. Ba ta kai rabin agwagwar gida ba. A kaka jikinta ruwan ƙasa ne dabbare-dabbare, namiji da mace kusan ɗaya, sai dai idan sun tashi za ku ga kafaɗar namijin tana da toka-toka mai haske. Wajen ƙarshen rani, kafin su koma, namijin yakan fitar da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya. Daga baya wata agwagwar takan biyo, mai siririn wuya da wutsiya mai tsini. A bakin laka kuma za ku ga garken wasu masu dogayen ƙafafu, girman kurciya ko sama da haka kaɗan, mazan sun fi matan girma a fili. Waɗannan daga arewacin Turai da Siberiya suke, kuma bayan girbi sukan shiga gonakin shinkafa suna tsintar wadda ta zube. Akwai ɗan ƙarami mai rawayan ciki da yake bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Nauyinsa bai kai gram 20 ba, amma ya ƙetare Sahara. Akwai tsattsewa mai jan maƙogwaro da wutsiya mai reshe biyu. Akwai wani shaho mai tashi ƙasa-ƙasa a kan ciyawar ruwa, fikafikansa a ɗage kamar bakin gwafa.

Akwai kuma farar shamuwa ta Turai, wadda ta fi tamu girma, mai jan baki da jajayen ƙafafu. Ita ba ta son doguwar tafiya a kan teku, domin iska mai zafi da take tashi daga ƙasa ce take ɗaga ta. Saboda haka takan bi ta mashigin Jibralta tsakanin Sifen da Maroko, ko ta Turkiyya da ƙasar Isra'ila da Masar. Mutanen zamanin annabawa suna ganin wucewarta sau biyu kowace shekara, shi ya sa aka ambace ta a Irmiya 8:7 tare da sauran tsuntsaye masu kiyaye lokacin ƙaurarsu.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke zuwa da sanyi ba. Har akwai masana da suka gaskata cewa tsattsewa tana kwana ne a cikin laka a ƙarƙashin tafki sai bazara. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klutz a Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta tashi ta koma gida. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmark mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, kuma daga nan aka fara gano hanyoyinsu sosai.

Abin da ya same mu yana samunsu. A bazarar 1969 masu lissafin tsuntsaye a Ingila suka ga fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai dawo ba. Da aka bi sawu sai aka gano ƙarancin ruwan sama ne a Sahel. Farin da ya kai ga yunwar 1973, wadda dattawanmu ba su manta ba, ya bayyana a lissafin tsuntsaye a wata ƙasa tun shekaru kafin duniya ta ji kukan mutane.

Ruwa, kacalla da jan baki

A shekarun 1960 da farkon 1970 ambaliyar kowace shekara takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a fadamar Hadeja da Nguru. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Ga kuma farin shekarun 1980. Shekaru da dama ruwan bai rufe ko rabin abin da ya saba ba. Madatsun suna da amfaninsu: birnin Kano yana shan ruwa, manoman rani suna samun tumatir da shinkafa da alkama. Amma a farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka lissafa abin da mutanen fadama suke samu daga noma da kifi da itace, suka tarar cewa kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya gangara fadama ya fi kawo riba a kan wanda aka tare don babban aikin ban ruwa na sama.

Ba yawan ruwa kaɗai ya canja ba, har da lokacinsa. Dā kogin yakan cika da damina ya bushe da rani. Bayan madatsun sai ya zama ana sakin ruwa har cikin rani, magudanai ba sa bushewa. Wannan shi ne abin da ciyawar kacalla take so. Ta cika magudanai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya. Wasu ƙauyuka ruwa ya kwanta a gonakinsu shekara da shekaru, wasu kuma kogin da suka dogara da shi ya daina kai musu. Kwalekwale ba ya ratsa kacalla, taru ba ya shiga, sauro da dodon koɗi mai kawo tsargiya suna jin daɗinta. Agwagwa da masu dogayen ƙafafu suna son buɗaɗɗen ruwa da laka, don haka suna raguwa inda ta yi yawa.

Wanda yake murna da kacalla shi ne jan baki. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne, amma garkensa yakan rufe sama kamar hayaƙi. Asalin abincinsa irin ciyawar daji ne, sai dai idan ya sami gero ko dawa ko shinkafa a lokacin da ƙwaya take da madara, yakan gama da gona a yini kaɗan. Kacalla tana ba shi wurin kwana da ba mai iya shiga. Shi ɗan Afirka ne, ba baƙon Turai ba ne, kuma wannan bambancin yana da muhimmanci. Na taɓa zama a wani taro inda manoma cikin fushi suka ce duk tsuntsun fadama maƙiyi ne. Ban ga laifin fushinsu ba, mutum ne ya yi wata huɗu yana wahala. Amma da muka bi su ɗaya ɗaya, masu ɓarnar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Gaskiya ne kirinjijiya da dinya sukan taɓa shinkafa. Balbela, shamuwa, tsattsewa da mai rawayan ciki kuwa ƙwari suke ci, aikin manomi suke yi ba lada.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne guba. Wanda ya jiƙa hatsi da maganin ƙwari ya watsa a bakin ruwa ba zai zaɓi wanda zai ci ba. Tsuntsun da ya mutu, kare zai ci, ungulu za ta ci, yaro zai tsinta ya kai gida. Haka ma maganin da jirgin sama yake fesa wa jan baki yana kashe wasu tsuntsayen, kuma kada kowa ya kwashi waɗanda suka faɗi bayan feshi ya ci ko ya kai kasuwa. Abin da ƙauye zai iya yi da kansa shi ne maƙwabta su yi shuka lokaci ɗaya don kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai, a cire ciyawa domin irinta ne yake fara jawo jan baki, a yi girbi da zarar hatsi ya yi, a kuma sanar da malamin gona da wuri inda garken yake kwana. Mai duban tsuntsu da yamma shi ne zai fara sanin wurin.

Yadda za ku fita

Ba sai kun je Nguru ba. Tafkin bayan gari, madatsar ruwa ko fadamar da kuke noman rani sun isa. Ku fara da neman izini wurin mai unguwa da masu gonakin, da sarkin ruwa idan akwai. Ku gaya musu abin da kuke yi, domin mutum mai littafi da biro a bakin gonar wani yakan jawo zato. Ku gayyaci maƙwabta, Kirista da Musulmi, masunta da makiyaya. Bafulatanin da yake kwana da shanu a fadama ya san ranar da baƙi suka sauka fiye da kowa.

Mutum uku zuwa biyar sun isa. Ku fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, rana tana bayanku, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi zai zame muku. Ku bar fararen kaya da jajaye a gida. Ku zauna a gindin itace ku yi shiru na minti 10 kafin ku fara, za ku ga waɗanda suka ɓuya suna fitowa. Yara su zo, amma ban da danƙo da kare. Madubin hangen nesa yana taimako idan wani yana da shi, sai dai ido da haƙuri sun fi shi. Kada ku shiga ruwa, saboda tsargiya da maciji, a wasu wurare har da kada. Inda hanya ba ta da tsaro, ku tsaya kusa da gari.

Idan kun ga wanda ba ku sani ba, kada ku yi saurin ba shi suna. Ku gwada girmansa da wanda kuka sani: kurciya, kaza, zabo. Ku dubi bakin, gajere ne ko dogo, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Ku dubi launin ƙafafu. Ku lura da abin da yake yi, iyo ko nutso ko tonon laka. Ku zana shi ko da zanen bai yi kyau ba, sa'an nan ku tambayi tsofaffi, domin suna yakan bambanta daga gari zuwa gari, kuma sunan da ake kira a garinku shi ya kamata ya shiga littafinku. Wajen ƙirga garke, ku ƙirga 10 sosai, ku ga faɗin da suka ci, sai ku auna sauran da wannan faɗin. Mutum biyu su ƙirga dabam, a ɗauki tsakiya.

Littafin shi ne zuciyar aikin. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa shekara. Wuri ɗaya, rana ɗaya a mako, sa'a ɗaya. A rubuta kwanan wata, sunan tsuntsu da yawansa. A kafa sanda a bakin ruwa, a yi mata tsaga kowane taƙi, a riƙa rubuta inda ruwa ya kai. A auna da taku daga wani itace zuwa inda kacalla ko wata ciyawar ta tsaya. Ranar da ba ku ga kome ba, ku rubuta cewa ba ku ga kome ba, ita ma shaida ce. Shekara ta farko ba za ta gaya muku abu mai yawa ba. Shekara ta biyar za ku iya zuwa gaban shugaban ƙaramar hukuma ko hukumar kogi ku ce: a shekara kaza ruwa ya kai tsaga ta tara a makon farko na Oktoba, bana ta huɗu, kacalla ta matso taku 60, agwagi sun ragu da rabi. Koke na baki ana iya mantawa da shi, amma takarda mai kwanan wata tana da wuyar turewa.

Kafin ku tashi daga taron, ku tambayi dattawan da suke wurin: wane tsuntsu kuke gani kuna yara wanda ba a gani yanzu? Da yawa za su ce gauraka, wadda yanzu ta yi wuyar gani a Nijeriya. Ku tambaye su yaushe suka daina ganinta, kuma me ya canja a fadamar a waɗancan shekaru. Ku rubuta amsarsu a shafin farko.

Idan kun tarar da tsuntsaye da yawa sun mutu a wuri ɗaya, kada ku taɓa su, kada kaji su je wurin, ku sanar da likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a 2006 kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. Idan kuma maharbi ko masunci ya kawo zobe daga ƙafar tsuntsu, ba sihiri ba ne, ba kuma kayan leƙen asiri ba. Ku kwafi dukan lambobi da rubutun da suke jikinsa, da ranar da wurin da aka same shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da take Laminga kusa da Jos tana aiki da irin wannan labari, kuma ta lambar ake gane ƙasar da aka sa zoben da shekarar da aka sa shi.

Asabar ta biyu ta watan Oktoba rana ce da aka keɓe a duniya don tunawa da tsuntsaye masu ƙaura, kuma ta dace da fitarku ta farko idan ba ku riga kun fara ba. A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa lokaci ɗaya, har da Hadeja da Nguru, sai ku ma ku ƙirga naku a tsakiyar watan. A bangon littafin daga ciki ku ja layi biyu, ɗaya don ranar da aka ga shamuwa ta ƙarshe a bana, ɗaya don ranar da ta farko za ta sauka a baɗi.